Kambas ɗin da Ya Tayar da Malam Manu daga Gindin Darbejiya

Har zuwa bara, duk wanda ya bi ta bakin tashar motar Gumel da hantsi zai tarar da Malam Manu a gindin darbejiyar nan da ke kallon rumfar masu faci. Ba ya sammako irin na masu shayi. Sai rana ta ɗan ɗaga yake fitowa daga lungunsu, akwatin katako a kafaɗa, buhun tsofaffin takalma a hannu, yana tafe yana amsa gaisuwa. Ya share wurin da kansa, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa buzu, sannan ya jera kayan aiki a damansa: basilla, kirtani, dunƙulen kakin zuma, gwangwanin gam, da wata 'yar wuƙa da wasawa ta cinye rabinta. In ya gama sai ya yi bisimilla ya jawo takalmin farko. Haka yake yi tun muna 'yan firamare har furfura ta fara leƙo mana.

Mai gyaran takalmi ne, shumeka in ji yara. Zai ɗinke maka silifas, ya sa wa sau-ciki sabon tafi, amma ba nan zuciyarsa take ba. Abin da ya kai sunansa Maigatari da Ɗanzomo da Sule Tankarkar shi ne kambas, takalmin gudu, wanda fataken Damagaram ke ce wa basket. 'Yan ƙwallo, 'yan tseren makarantu, da samarin da ke shirin gudun ɗaukar soja, duk ta gindin darbejiyar nan suke bi kafin su kama hanya.

To, mu mutanen ƙasar nan mun san yadda muke sayen takalmi. A sa yaro ya taka ƙasa, a karya tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafarsa, a danƙa wa mai zuwa kasuwa. In tsinke ya shiga takalmi, ciniki ya faɗa. Wannan al'ada ita ce abar da Malam Manu ya tsana a duniya. Kawo masa tsinke ka ga ɓacin rai.

"Tsinken ne zai yi gudun?" in ji shi. "Tsinke yana da faɗi? Yana kumbura? Je ka kawo mini ƙafar."

In ka kawo ƙafar da safe ma korar ka zai yi. Sai bayan la'asar, lokacin da ta wuni tana aiki ta buɗe. Kuma ba ka tsira ba: sai ka ruga da gudu har ƙarshen layin masu hatsi ka dawo kana haki, 'yan a-daidaita-sahu suna yi maka dariya, sannan ya ɗora ƙafar a cinyarsa ya bi ta da yatsu tun daga dunduniya har farce. Yakan ce takalmin gudu na kirki shi ne wanda za ka manta yana ƙafarka. A bar wa babban yatsa wurin numfashi a gaba, dunduniya kuwa a kama ta kam, kada ta riƙa hawa tana sauka. Tafin ya lanƙwashe inda yatsu ke lanƙwashewa, ba a tsakiya ba. Gam kuma bai yarda da shi shi kaɗai ba, don ya ce kwaltar Gumel da zafin bazara ba su bar wa gam mutunci ba. Shi ya sa ko sabon kambas ka kawo masa sai ya zagaye shi da kirtani mai kaki.

Ku tambayi Malama Rahamatu, wadda ke koyarwa yanzu a Sule Tankarkar. Tana budurwa ita ce ke yi wa makarantarsu tsere, da wani kambas da ya matse ta har farcenta ya yi baƙi ya fita. Mace ba ya taɓa ƙafarta. Yashi ya jiƙa ya ce ta taka, ya durƙusa ya karanta sawun, sannan ya farke gaban takalmin ya ƙara masa ƙyalle ta inda yatsun ke neman hanya. Ta ce da ta sa shi ta ɗauka ba nata ba ne. Ta yi gudu da shi har ta gama makaranta, ƙanwarta ta gada, kuma tafin ne ya suɗe ya ƙare, ɗinkin bai ce komai ba.

Malam Manu, kai ne ka riƙe ƙafafun da masu su ma ke jin kunyar nunawa, masu kaushi da faso da wari, ba ka taɓa yatsina fuska ba. Kai ne ake ɗaukar kofi a yi hoto da shugaban makaranta, kana gindin bishiya kana ɗinkin silifas ɗin wata tsohuwa, labarin ma sai a bakin yara za ka ji. Manu na bakin tasha, mai sallamar matafiya! Ba ka taɓa gudu a fili ba, amma rabin gudun da aka yi a ƙasar nan da hannunka a ciki.

Abin da ba mu sani ba shi ne idonsa ya daɗe yana tafiya. Da farko gefe-gefe ne ya yi duhu, har ya riƙa tuntuɓe da turken akuya a tsakar gidansa. Daga baya duhun ya fara matsowa tsakiya. Ya je asibiti a ɓoye, likita ya duba ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ke mutuwa, sai dai a riƙa ɗiga magani a rage mata sauri. Ya dawo ya ja bakinsa ya yi gum. Sha'aibu mai faci, maƙwabcin rumfarsa, shi kaɗai ya gane, ranar da ya ga Malam yana laluben basilla alhali ga ta a gabansa.

Malam ya kamo hannunsa ya ce, "Sha'aibu, ka rufa mini asiri. Ranar da tashar nan ta ji ba na gani, ranar na tashi daga aiki. Wa zai ba makaho takalminsa?"

Ba shi da gona, 'ya'yansa mata duk suna gidajen aurensu, mai ɗakinsa kuma ta riga shi. Gindin darbejiyar nan shi ne abincinsa, shi ne majalisarsa, shi ne dalilin da ya sa yake wanke fuska da safe. Sai ya koma ɗinki da lalube, kansa a sunkuye, yana gane mutane da murya. Wallahi aikin bai ragu da komai ba. Ya fi shekara a haka ba wanda ya dawo da takalmi ya ce ya ga aibu. Amma kullum da tsoro yake fitowa, kullum da tsoro yake komawa.

Ana nan, bayan an gama yankan riɗi, wata mata ta sauko daga motar Gagarawa Tasha ta yi sallama a gabansa. Larai sunanta, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta kwance bakin mayafi ta fito da tsinke.

"Malam, takalmin gudu nake so, mai kyau, irin wanda ba a raina mai shi. Ga awon."

"Na wa?"

"Na yaron nan."

Daga jin yadda ta kauce wa sunan ya san ɗan fari ne. Aminullahi ake kiransa. Ta ce ya nemi aikin soja a baya bai dace ba, bana kuwa shekarunsa sun zo bakin iyaka, in wannan dama ta wuce shi ta wuce ke nan. Ana tantance su da gudu a Dutse, waɗanda suka riga isowa su ake ɗauka. Shi ne babba, shi ne kaɗai namiji, a kansa gidan ya jingina.

Ran nan Malam bai yi faɗan tsinke ba. Ya mayar mata da shi a hankali ya ce, "Baiwar Allah, mayar da wannan cikin tsintsiyarki. Turo mini shi da kansa, bayan la'asar."

Aminullahi ya zo, dogon saurayi marar yawan magana, da ƙafar manomi mai faɗi. Ya yi gudun layin masu hatsi ya dawo ko haki bai yi sosai ba. Malam ya bi ƙafar da yatsu, ya ji ta hagu ta fi ta dama buɗewa, ya ji kuma wani ƙashi da ya ɗan turo a bayan kowace dunduniya. Ya daɗe yana shafa wurin. Ya ce a ransa, wannan yaro in ya sami takalmi ba mai kama shi, in kuma takalmi ya same shi a nan, ya gama da shi.

Ranar Alhamis ya shiga motar Maigatari. Ya tsuguna gaban tulin gwanjo yana ɗauka yana ajiyewa, ya lanƙwasa wannan, ya murɗa wancan, ya danna soson ciki da babban yatsa ya ji ko ya mutu. Rana ta take kafin hannunsa ya faɗa kan wanda yake nema: marar nauyi, mai faɗin gaba, tafinsa da sauran rai sosai. Bai ma san launinsa ba sai da mai kayan ya ce, "Malam, farin nan ka ɗauka? Ka iya zaɓe." Aibunsa ɗaya, ƙyallen cikin dunduniya ya cinye. Da ya dawo sai ya yanko jar fatar akuya ya shimfiɗa a wurin, ya yi wa ƙashin nan gurbi, ya ɗinke ta yadda zaren ba zai taɓa fatar mutum ba. Ya bi ɗinkin da yatsa, ya sake bi, har da leɓensa ya shafa don ya tabbatar ba inda ya yi tudu.

Da Aminullahi ya zo karɓa, Malam ya riƙe takalmin bai sake shi nan da nan ba.

"Ka ji ni da kyau, Aminu. Fatar da na sa a dunduniya sabuwa ce. Ta fi ƙyalle ƙarko nesa ba kusa ba, amma tana da taurin kai. Daga yau ka riƙa sa shi kullum. Ka je gona da shi, ka yi gudu da shi safe da yamma, gumi ya jiƙa ta, ta yi laushi, ta san ƙashinka. In ya yi datti ya yi. Kada ka kuskura ka kai shi filin nan yana baƙo a ƙafarka."

"To, Baba. In sha Allahu."

Allah sarki. Da ya isa gida Larai ta karɓi takalmin ta juya shi a hannu, fari tas, ba ta taɓa ganin abu mai kyau haka ya shigo gidanta ba. Ta ji wai gona za a shiga da shi, sai ta ce ina!

"Wannan za ka tattaka a kunyar gona? Ka je gaban manya da ƙazamin takalmi su ce ba ka da uwa?"

"Inna, Baba Manu ya ce sai na riƙa sa shi."

"Shi ya ɗinka, ni na haifa. Ranar tafiya ka sa abinka sabo."

Ta naɗe shi a tsohon zane, ta sa a adaka, ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Ya roƙa, ya sake roƙa, har ta fara hawaye tana cewa ya raina ta. Sai ya haƙura ya ci gaba da atisaye da tsohon takalmin robarsa. Kuma don Allah kada wanda ya zage ta. Wane ne a cikinmu ba a ɓoye masa kayan Sallah a adaka ba har sai safiyar Idi? Haka aka yi mata, haka ta yi wa ɗanta. Abu mai daraja a wurinmu ajiye shi ake yi sai ranarsa. So ne ya sa ta, ba mugunta ba.

Fatar ta yi makonni a cikin adaka tana bushewa. Ranar gudu, a Dutse, Aminullahi ya sa shi karon farko. Da aka busa usur yana cikin na gaba-gaba. Can sai ya ji dunduniya ta fara zafi, zafin ya zama bororo, bororon ya fashe, fatar takalmi ta shiga cin tsoka. Bai tsaya ba. Ya yi ta ɗingishi yana gudu, waɗanda ya bari a baya suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya iso an ja igiya, waɗanda ke ciki suna ciki, shi yana waje. Wanda suka je tare ya ce da ƙyar aka cire takalmin, don jini ya manne safa da ƙafa.

Ya dawo gida bai yi faɗa ba, bai yi zagi ba. Da ma ya yi! Shiru ya yi mata, irin shirun da ya fi duka ciwo. In ta gaishe shi ya amsa da ka. Tuwon da ta ajiye masa sai kaji su ci da safe. Ya koma kwana a shagon abokinsa. Sai ya fara zama da masu labarin tsallaka iyaka ta Maigatari, a bi ta Agadas a shiga sahara, inda wasu ke aiko da hoto, wasu kuma ko labarinsu ba a ƙara ji. Wata safiya ya rataya jaka ya fita ba sallama. Larai ta ji a bakin maƙwabta, ta zari mayafi, ta jefa takalmin a leda ta bi motar da ke biye, da nufin ta roƙi Malam Manu ya sa baki.

A tashar Gumel ta cim masa yana jiran motar Maigatari ta cika. Ta kama igiyar jakarsa ta riƙe.

"Inna, sake mini jaka. Kin riga kin yi abin da za ki yi."

"Ka yafe mini, don girman Allah. Ban sani ba."

"An faɗa miki ai. Na faɗa miki."

Mutane suka fara taruwa, kun san tasha. Malam Manu yana gindin bishiyarsa ya ji muryoyin ya gane su. Ya ce wa Sha'aibu ya kira masa su, su biyun. Suka zo, jama'a na biye. Larai ta durƙusa tana kuka tana ba da labarin adaka, Aminullahi yana tsaye ya kau da kai.

"Miƙo mini takalmin," in ji Malam.

Ya zura hannu ciki ya shafa dunduniyar. Sumul. Ɗinkin yana nan yadda ya bar shi, ba tudu, ba ƙulli, gurbin ƙashi yana wurinsa. Fatar ce kawai ta bushe ƙamas don ba ta taɓa shan gumi ba sai ran nan. Aikinsa ba shi da laifi ko ƙanƙani, kuma ya san in ya faɗi haka sunansa ya tsira. Amma yana jin ɗan kamasho yana kiran saura mutum ɗaya Maigatari, yana jin numfashin matar nan a gabansa. Ya san nasiha ba za ta tsayar da yaron ba, don yaron yana da gaskiya, kuma gaskiyar ce ke korar sa daga gida. Muddin laifin yana kan uwar, ya tafi ke nan. Sai dai a ɗauke laifin a aza wa wani. Wa zai yarda Manu ya yi kuskure a ɗinki? Ba kowa, sai in ya ba su dalilin da ba a musu. Dalilin kuwa yana da shi, shi ne abin da ya fi shekara yana ɓoyewa. Ya zare hannunsa daga cikin takalmin.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam, da ƙarfi yadda na baya za su ji. "Aminu, ba laifin mahaifiyarka ba ne. Aikina ne. Na bar ƙullin zare a ƙarƙashin fata, daidai kan ƙashin. Ko wata nawa ka yi kana sa shi sai ya yanka ka."

Aminullahi ya juyo. "Baba, kai? Kai ba ka barin ƙulli."

"Da ba na bari. Yanzu ba na gani, ɗana. Na fi shekara ban ga ramin basilla ba, da lalube nake yi. Yanzu haka da kake tsaye a gabana ban san launin rigarka ba."

Malam ya ɗaga kai, abin da ya daɗe bai yi a gaban mutane ba, kowa ya ga idanun suna kallon gefen inda yaron yake. Kafin wani ya ce a ba shi ya taɓa, ya lalubo wuƙarsa ya farke fatar daga takalmin ya jefa bayansa.

"Ka san ba ka gani ka karɓi aikina?" in ji Aminullahi. "Ka cuce ni, Baba. Ka kashe mini rayuwa kana zaune. Allah ya isa!"

Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi gaskiya."

Saurayin ya tsaya yana huci. Sannan ya dubi uwarsa a durƙushe cikin ƙasa, mayafinta ya zame, silifas ɗinta ɗaya ya fita tun wajen motar. Ya daɗe yana kallon ta. Ya je ya ɗauko silifas ɗin ya ajiye a gabanta.

"Inna, tashi mu tafi gida."

Motar Maigatari ta tashi da wani a kujerarsa. Da jama'a suka watse, Sha'aibu ya tsinci fatar ya shafa ta ciki da waje.

"Malam, ina ƙullin?"

"Jefa ta a kwata, Sha'aibu, ka ja bakinka."

"Ka san abin da ka yi wa kanka kuwa?"

"Na sani. Idon da ma tafiya yake yi. Shi kuwa yaron in ya tsallaka, ba ta ƙara ganinsa."

Mu kuwa, mutanen kirki! Kafin la'asar labari ya gama gari. Washegari masu takalma suka yi ta zuwa karɓar kayansu ba a gyara ba, kowa da uzurinsa, wannan tafiya ta kama shi, wancan ya fasa. Waɗanda ya ɗinka wa takalmi cikin duhun nan suka yi shekara suna tsalle da shi lafiya lau, su ne suka koma suna zura hannu suna neman ƙulli. Har da masu cewa da ma sun lura. Kun lura da me? Tir da halinmu. Malam ya ci gaba da fitowa, ya share wuri, ya yayyafa ruwa, ya jera kaya, ya zauna har magariba ba wanda ya tsaya sai mai gaisuwa, shi ma daga nesa. Sha'aibu yakan kawo masa silifas ɗin iyalinsa, wani lokaci ma da gangan yake tsinka su. Malam ya gane, ya ce ya daina. Wata rana dai bai fito ba, kuma bai ƙara fitowa ba. Mai cajin waya ne a wurin yanzu.

Larai ta rasu da daminar nan, Allah ya jiƙanta. Kafin ta cika ta gaya wa ɗanta abin da ya daɗe yana cin ta. Ta ce ita ta wanke jinin takalmin nan da hannunta, ta shafa cikinsa ba sau ɗaya ba, babu wani ƙulli. Ta sani tun a tasha, tsoron kada ya tafi ne ya rufe mata baki.

Bayan an share makoki Aminullahi ya zo Gumel, Sha'aibu ya raka shi har zauren Malam. Suka same shi a kan buzunsa, ya jingina da bango, hasken da ya rage ma ya tafi gaba ɗaya. Saurayin ya zube a gabansa yana kuka.

"Wane ne?"

"Ni ne, Baba. Aminu. Inna ta faɗa mini. Na ja maka Allah ya isa a gaban mutane, kai kuwa... Ka yafe mini. Yau zan tsaya a tsakiyar tasha in gaya wa kowa aikinka ba shi da aibu."

"Ka gaya musu su kawo wa wa takalma? Lokacin nan da sauran ɗan haske, ina rarrabe rana da inuwa. Yanzu ko hanyar tashar ba zan kai kaina ba." Ya lalubo kan saurayin ya dafa. "Bar wannan. Kana wurin da ta cika?"

"Ina wurin. Kanta yana kan cinyata."

"Ta yafe maka?"

"Ta yafe, Baba. Ta sa mini albarka."

"To, me kuma kake so in karɓo a wurin mutanen tasha?"

Bai so a faɗa ba, har yanzu ma bai so. Aminullahi da Sha'aibu ne suka ce sai an faɗa, ni kuma na ga yin shiru ya ishe mu haka nan.

Malam Manu, mun gode. Kai ne ka ɗauki sunan da ka yi shekara da shekaru kana ginawa da basilla, ka ajiye shi a ƙasa don wata uwa ta mutu ɗanta yana kusa. Mun ba ka kunya, ba ka ba mu ba. Allah ya saka maka da alheri, ya sa duhun nan ya zama haske gare ka ranar da ido ba ya amfani sai aiki. Masu sana'a, ku yi aiki yadda ko bayan idonku ba za a sami ƙulli a ciki ba, kuma in ranar zaɓi ta zo tsakanin sunanku da mutum, ku tuna akwai wanda ya zaɓa a gabanmu.

Sauranmu kuwa, mutumin nan yana raye. Yana lungun bayan masu hatsi, zaure mai ƙofar langa-langa, yana wuni shi kaɗai. Duk wanda ya taɓa ɗora ƙafa a cinyarsa ya san hanya. Kada mu jira sai an yi sanarwa a masallaci sannan mu cika layin da takalma. Ku je yanzu. In kun je kuma, ku faɗi sunanku tun daga bakin ƙofa, don kada ya sha wahalar tambaya.